Riƙon Muhawara Da Maganin Ɗan Tsokana

Abin da na ke so mu duba a cikin wannan darasi shi ne yadda malami zai riƙe muhawara, ko a aji, ko a jam'iyyar makaranta, ko a taron iyayen yara, har a tashi lafiya kowa ya ƙaru. Sa'an nan mu duba abin da za a yi da mutumin nan da ba a rasa shi a kowane taro, watau wanda ba ya sha'awar a fahimci juna, burinsa kawai ya ga an harzuƙa. Shi ne zan riƙa kira ɗan tsokana. Maganata duka a kan abu guda ta tsaya. Ƙa'idar da aka shirya tun kafin rai ya ɓaci, aka kuwa bi ta a kan kowa daidai wa daida, ita ce ke tsare taro. Tsawa da ƙarfin murya ba su tsare shi.

1. Abin da ya sa wannan ya shafe mu

A shekarar 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar Nijeriya, a wurin da ba na ɗaya daga cikin manyan kabilun ƙasar ba, domin kowa ya ji gida ya zo. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa, shi ya koma Suleja. A ranar 12 ga Disamba, 1991, Gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a nan. To, tun daga lokacin mutane ke ta kwararowa, suna zama tare da Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara da Bassa da sauran waɗanda aka tarar a ƙasar.

Sabo da haka malamin da aka tura Gwagwalada ko Kuje ko Bwari ko Kwali zai tarar da aji wanda yaransa ke magana da harsuna iri iri a gida, waɗansu Musulmi, waɗansu Kirista. A irin wannan aji, kalma guda ta raini a kan abincin wani, ko sunansa, ko addininsa, ta isa ta raba yara gida biyu har ƙarshen zango. Abin da ya fi wannan muni kuwa shi ne, yara masu kunya su kan ɗinke bakinsu daga ran nan. Malami ya yi tambaya ya ji shiru, ya zaci ba su sani ba ne, alhali kuwa tsoron dariya su ke yi. Yaron da ya koyi yin shiru a aji biyar, da wuya ya buɗe baki a taron unguwa sa'ad da ya girma.

2. Mutum uku da a kan rikita su

Kafin a ba da magani sai a san cutar. Akwai mutum uku waɗanda maganarsu ta kan ta da ƙura a taro, wajibi ne kuwa shugaba ya iya rarrabe su.

Na fari shi ne mai saɓanin ra'ayi. Wannan ya ƙi abin da yawancin mutane su ka yarda da shi, wata sa'a ma da zafi ya ke magana, amma yana da dalili, in an tambaye shi zai kawo. Wannan mutum gishirin taro ne. Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa, balle mutum arba'in a ɗaki guda.

Na biyu shi ne abokin wasa. Mun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, da na taubasai a cikin dangi. Wannan wasa yana da izini tun daga kakanni, yana da iyaka, wanda aka tsokana kuwa yana da damar ramawa, a tashi ana dariya gaba ɗaya. Abin lura a nan Abuja shi ne, ba kowane yaro ne ya san wannan al'ada ba. Abin da ya ke wasa a Kano yana iya zama zagi a kunnen yaron da iyayensa su ka fito daga wani wuri. Aikin malami ne ya bayyana wa yara wannan.

Na uku shi ne ɗan tsokana. Ga alamunsa guda huɗu, ku riƙe su. Da fari, ya kan bar magana ya kama mai maganar: ana zancen ruwan sha, shi yana zancen tufafin wanda ya miƙe. Na biyu, in an amsa tambayarsa ba ya sauraron amsar, sai ya yi tsalle ya kama wani reshe. Na uku, sa'ad da ya yi magana, idonsa na kan 'yan kallo, yana duban wanda zai yi dariya. Na huɗu, in taro ya natsu sai ka ga ransa ya ɓaci, in ya hargitse sai ka ga fuskarsa ta washe. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Gwaji mai sauƙi shi ne a tambayi mutum cikin ladabi, "Mene ne dalilinka?" Mai saɓani zai yi murna da tambayar. Abokin wasa zai yi dariya ya ce wasa ya ke yi. Ɗan tsokana kuwa zai kauce.

3. Ƙa'ida tun kafin rigima

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Akwai wani hafsan soja a Amurka, injiniya, sunansa Henry Robert. A shekarar 1863 aka roƙe shi ya shugabanci wani taro a coci, taron ya gagare shi riƙewa, ya koma gida da kunya. Daga nan ya duƙufa nazarin yadda majalisu ke tafiyar da zamansu, har a 1876 ya buga ɗan littafin ƙa'idodin taro, wanda ƙungiyoyi masu yawa a ƙasarsu su ka ɗauka su ke aiki da shi. Ashe ko mutumin da ya saba ba sojoji umurni ba ya iya riƙe taro in babu ƙa'ida.

Amma ba sai mun tafi Amurka ba. A nan Abuja, ranar 17 ga Maris, 2014, Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya buɗe Taron Ƙasa a Cibiyar Horar da Alƙalai. Wakilai 492 su ka hallara daga kowane lungu na Nijeriya, da sarakuna, da malaman addini, da 'yan ƙwadago, da mata, da samari. Shugaban taron shi ne Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi, tsohon Alƙalin Alƙalan Nijeriya, mataimakinsa kuwa Farfesa Bolaji Akinyemi. To, kun san abin da ya fara raba kansu? Tun ba a kai ga zancen arzikin ƙasa ko tsarin mulki ba, sai gardama ta tashi a kan ƙa'idar zaman kanta: in an kasa yarda baki ɗaya, ƙuri'a nawa za ta zartar da magana? Waɗansu su ka tsaya a kan kashi 75 cikin 100, kamar yadda Gwamnati ta tsara, waɗansu su ka ce sai dai kashi biyu cikin uku. Abin ya yi zafi har taron ya yi kamar zai watse. Shugabannin ba su tilasta kowa ba. Su ka dakatar da maganar, su ka zaɓi wakilai 50 daga ɓangarori duka, su ka zauna da su a keɓe, bayan 'yan kwanaki aka fito da kashi 70 cikin 100, aka amince.

Da aka gama da ƙa'ida sai aiki ya tafi. Aka rarraba wakilai cikin kwamitoci 20, aka zartar da shawarwari fiye da 600, aka miƙa rahoto ranar 21 ga Agusta, 2014. Ko an yi aiki da shawarwarin ko ba a yi ba, wannan wata magana ce dabam. Abin da ya shafe mu shi ne, mutum 492 masu ra'ayi iri iri sun yi wata biyar suna gardama, sun kuwa tashi ba a watse ba. Akwai ma abin da su ka kasa daidaitawa a kansa, watau kason da za a ba jihohin da a ke haƙo arziki a ƙasarsu. Su ka rubuta cewa ba su daidaita ba, su ka mai da maganar ga Gwamnati. Wannan ma darasi ne. Ba dole ne kowace muhawara ta ƙare da an ka da wani ba.

Sabo da haka a makon farko na zango, tun yara ba su yi faɗa ba, malami ya zauna da su su tsara ƙa'ida da bakinsu, a rubuta a manna a bango. Kada ta wuce biyar, domin abin da ba a iya haddacewa ba a iya binsa. Ga misali:

(a) Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, sai kuwa shugaba ya ba shi izini.
(b) Mai magana shugaba ya ke fuskanta.
(c) A soki ra'ayi, kada a taɓa jikin mutum, ko iyayensa, ko kabilarsa, ko addininsa.
(d) Kowa yana da minti biyu, ba mai yin magana sau biyu sai waɗanda ke so sun yi sau ɗaya.
(e) Wanda ya karya ƙa'ida sau biyu ya huta har ƙarshen wannan zama.

4. Aikin shugaba

Ƙa'ida ta biyu tana bukatar bayani. A gaban alƙali, ko a fadar Sarki, masu ƙara biyu ba su juya su fuskanci juna. Kowa alƙali ya ke gaya wa damuwarsa, ko da abokin shari'arsa na durƙushe kusa da shi. Haka kuma a majalisar Ingila, wakili Kakakin Majalisa ya ke yi wa magana, ba ya ma kiran sunan abokin gardamarsa, sai ya ambaci mazaɓarsa. Hikimar ɗaya ce. Maganar da ta bi ta kan mutum na uku ta kan huce kafin ta isa. Yaron da ya ce, "Shugaba, ban yarda da abin da mai magana ya faɗa ba," ya yi nisa ƙwarai da yaron da ya nuna yatsa ya ce, "Ƙarya ka ke yi."

Na biyu, shugaba ya tsare lokaci. A Taron Ƙasa na 2014, sa'ad da a ke tattauna jawabin Shugaban Ƙasa, minti 3 aka ba kowane wakili. Ku yi lissafi: 492 sau 3 ya ba da minti 1,476, watau fiye da awa 24 in kowa ya yi magana. Mu ma mu yi namu lissafin. Aji mai yara 40, darasi na minti 35, ko minti ɗaya ɗaya ba zai zagaya ba. Maganin wannan shi ne abin da taron ya yi da kwamitoci: a raba yara ƙungiya biyar, takwas takwas, kowace da shugabanta da magatakardanta, daga baya su kawo wa aji abin da su ka samo. A cikin mutum takwas, yarinya mai kunya ta kan yi magana, ɗan tsokana kuwa ya kan rasa 'yan kallo.

Na uku, shugaba ya ɓoye nasa ra'ayi har a gama. Da zarar yara sun gane inda malam ya karkata, rabinsu za su bi shi don neman yabo, sauran su yi shiru.

Na huɗu, a makarantar mishan inda na yi karatu, jam'iyyarmu ta muhawara tana da al'ada biyu waɗanda na ga amfaninsu. Ƙuri'a a ke jefawa a san wanda zai goyi bayan magana da wanda zai soke ta, sabo da haka sau da yawa mutum ya kan kāre ra'ayin da ba nasa ba. Kuma kafin ka mai da martani, sai ka maimaita abin da abokin gardamarka ya faɗa, har ya ce, "I, haka na ke nufi." Wanda ya taɓa ɗaukar kayan wani ya san nauyinsu.

5. Maganin ɗan tsokana

Abincin ɗan tsokana shi ne martani. In an hana shi, yunwa za ta kore shi ko ta gyara shi. Ga matakai huɗu, a bi su bi da bi.

Mataki na fari, a ci gaba da abin da a ke yi. Ranar 18 ga Afrilu, 2018, ana cikin zaman Majalisar Dattawa a nan Abuja, Mataimakin Shugaban Majalisar, Ike Ekweremadu, na kan kujera, sai waɗansu mutane su ka kutsa cikin zauren su ka sure sandar majalisa su ka gudu da ita. Bisa al'ada, majalisa ba ta zama in sandar ba ta kan tebur. Dattawan su ka kawo wata sandar, su ka koma zamansu a wannan rana. Kashegari 'yan sanda su ka ba da sanarwar sun tsinci wadda aka ɗauke a ƙarƙashin wata gada kusa da Ƙofar Birni. Mai ɓata taro nasararsa ita ce a tashi. In ba a tashi ba, ya yi asara.

Na ga irin wannan a ƙaramin sikeli sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata firamare ta wajen gari. 'Yan aji shida na muhawara a kan zaman birni da zaman ƙauye. Wata yarinya ta miƙe tana bayanin wahalar ɗebo ruwa a ƙauyensu, sai wani yaro daga baya ya ce shi ya sa 'yan ƙauye ba su wanka. Aka fara dariya. Malamar ajin, dattijuwa ce, ko duban wajensa ba ta yi ba. Ta dubi yarinyar ta ce, "Ci gaba, 'yata, muna jinki. Tafiyar minti nawa ce zuwa rafin?" Yarinyar ta amsa, wani ya ɗaga hannu ya yi tambaya a kan rijiyar burtsatse, dariyar ta mutu don kanta.

Mataki na biyu, in ya sake, a ambaci ƙa'ida da lambarta, da murya a kwance, ba tare da wa'azi ba: "Ƙa'ida ta uku. Wannan gargaɗi ne na fari." Shi ke nan, a wuce. Doguwar faɗa a gaban aji biki ne a wurinsa, mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Amma fa a lura, in tsokanar ta kai ga cin mutuncin wani yaro, ko kabilarsa, ko addininsa, to, shiru bai isa ba. Dole wanda aka ci wa mutunci ya ji da kunnensa cewa malam bai yarda ba, in ba haka ba zai ɗauka an bar shi shi kaɗai.

Mataki na uku, a kira shi a keɓe. Bayan an tashi, malamar nan ta kira yaron ta ce, "Zo nan, ɗana. Na ga bakinka da kaifi. Ran Alhamis kai ne magatakarda, za ka rubuta abin da kowa ya faɗa ka karanta mana." Ran Alhamis kuwa bai sami sararin tsokana ba, don kunnensa na kan masu magana, alƙalaminsa na gudu. Sau da yawa ɗan tsokana yaro ne mai kaifin basira wanda bai sami wata hanyar da za a lura da shi ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Mataki na huɗu, in duk wannan bai yi ba, a dakatar da shi, amma bisa ƙa'idar da aka rubuta, kuma da iyaka. A watan Yuni na 2010 rikici ya ɓarke a zauren Majalisar Wakilai har aka ba hammata iska, aka dakatar da wakilai 11. Kafin shekarar ta ƙare, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke dakatarwar. Hukuncin da aka yanke cikin fushi ba ya daɗewa a tsaye. Ba a rama gayya da fushi. Yaron da aka ce ya huta yau, a buɗe masa ƙofa gobe.

Waɗannan matakai suna aiki har a zaurukan waya, irin na WhatsApp da 'yan aji ko iyayen yara ke buɗewa. A can ma abin ya fi sauƙin lalacewa, don ba a ganin fuska, ba a jin murya, magana kuwa zarar bunu ce. Mai riƙon zauren ya rubuta ƙa'ida tun ran da aka buɗe, jama'a su ƙi tanka wa mai tsokana, a yi masa magana shi kaɗai, in ya ƙi a fitar da shi na ɗan lokaci.

6. Ramin da malami zai guje wa

Akwai hatsari guda wanda ya fi ɗan tsokana kansa, watau malami ya riƙa kiran duk wanda ya saɓa masa ɗan tsokana. A lokacin gardamar ƙuri'a ta 2014, Lamiɗon Adamawa, Alhaji Muhammadu Barkindo Aliyu Mustafa, ya miƙe ya yi magana mai zafi, har ya nuna cewa in aka matsa musu za su iya ficewa daga taron. Waɗansu wakilai su ka yi ta sowa don su katse shi. Amma maganarsa a kan abin da a ke tattaunawa ta ke, tana kuwa da jama'a a bayanta. Ba a kore shi ba, aka nemi sulhu, taron ya ci gaba har ƙarshe. Da an ɗauki zafin magana a matsayin tsokana, da wataƙila ba a kai watan Agusta ba.

Haka ya ke a aji. Yaron da ya ce, "Malam, littafin nan bai faɗi haka ba," taimakonka ya ke yi, ko da ka ji ɗaci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ka yi masa tsawa, ka koya wa yara 39 cewa gaskiya tana jawo duka. Ma'aunin dai shi ne wanda mu ka faɗa tun farko: ka tambayi dalili, ka saurari amsa.

7. Abin gwadawa

Ina roƙon 'yan'uwana da za su fita gwajin koyarwa su jarraba waɗannan, mu haɗu mu kwatanta abin da mu ka gani.

(1) Ka sa yaranka su tsara ƙa'idodi biyar da bakinsu. Waɗanne ne su ka fara kawowa?
(2) Ka zana taswirar aji, ka riƙa sa ɗigo a kan sunan duk wanda ya yi magana har mako guda. Su wane ne ba su da ɗigo ko ɗaya? Me ya hana su?
(3) Ka ba yaron da ya fi kowa surutu aikin magatakarda sau biyu, ka rubuta abin da ya biyo baya.
(4) Ka tambayi yara irin wasan barkwancin da ke tsakanin kabilarsu da wata, da inda iyakarsa ta ke.

Yaran da ke zaune a kan bencinmu yau, a cikinsu akwai waɗanda za su zauna a majalisar unguwa, da kwamitin masallaci, da na coci, wataƙila har da zauren da ke da sandar nan a kan tebur. Yadda su ka ga mun riƙe minti 35 na aji, haka za su riƙe nasu taro. Allah ya ba mu haƙuri da adalci, amin.